Tarihin Mai Shari'a Ɗahiru Musdafa, Ɗan Babura

A wannan fitowa za mu kawo tarihin wani maƙwabcinmu. Kowa a Dancawo ya san Babura, ga ta nan kudu da mu a ƙetaren iyaka, muna cin kasuwa tare, akwai auratayya tsakaninmu. To, a garin nan aka haifi Ɗahiru Musdafa ran 15 ga Yuli 1942.

A Babura ya fara elemantare, ya wuce midil ta Birnin Kudu, sannan Kwalejin Rumfa a Kano. Daga nan ya karanta shari'a a Zariya da Landan, ya zama lauya a Nijeriya cikin 1968. Ya yi shekaru yana tsaya wa mutane a gaban kotu. A 1976 aka ba shi kwamishinan shari'a na Jihar Kaduna.

Cikin 1979 ya bar aikin lauya, ya hau kujerar alƙalin Babbar Kotun Jihar Kano. A lokacin Babura tana cikin Kano, don sai 1991 aka yanke Jigawa. Wannan canji ba ƙarami ba ne. Lauya ɓangare ɗaya yake karewa, shi kuwa alƙali tilas ya saurari kowa, ya yanke hukunci ko da zai ɓata wa mai ƙarfi rai.

Shekara shida ya yi a nan. A 1985 aka ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara, ya zauna shekara 18, sai 2003 ya shiga Kotun Ƙoli. A watan Agusta 2011 Shugaba Jonathan ya naɗa shi Alƙalin Alƙalan Nijeriya. Bai cika shekara a kujerar ba, don doka ta ce a sauka in an kai 70. Duk da haka ya fito fili ya soki dabarar nan da manyan ɓarayin dukiyar jama'a ke yi, su mayar da wani abu kaɗan a sassauta musu hukunci. Ya sauka a Yuli 2012, Aloma Mukhtar ta gaje shi. Allah ya yi masa rasuwa ran 22 ga Janairu 2018.

Jama'a, ku lissafa: daga zamansa lauya zuwa kujerar ƙoli shekara 43 ne. Sannu ba ta hana zuwa. Ƙasar da ya taka yana yaro ita muke takawa, gero ɗaya muke ci. Abin da ya bambanta shi, an bar shi ya ƙare karatu. Mu kuwa da an gama kaka sai mu cire yaro daga lakwal mu tura shi Kano tallan ruwa. Ranar da rikicin gona ko na iyaka ya kai mu kotu a Magariya ko Damagaram, wa zai karanta mana takarda? Iyaye, a bar yara su yi karatu.

Allah ya jiƙan Malam Ɗahiru, amin.