Sinadaran da ke sarrafa tsokar zuciya

Ƙwayoyin tsokar zuciya su ne ke matsewa su saki domin tura jini cikin jiki. Wasu sinadarai masu isar da saƙo ne ke daidaita saurin bugunsu da ƙarfinsa. Wasu ta jini suke zuwa, wasu kuma jijiyoyi ne ke sakinsu.

Adrenalin, wanda wani ƙullutu da ke saman ƙoda ke fitarwa lokacin tsoro ko motsa jiki, yana manne wa makarɓan beta-1 da ke jikin ƙwayar. Daga nan sinadarin cAMP ya ƙaru a cikinta, kalsiyam ya shiga da yawa, sai matsewar ta yi ƙarfi. Maganin propranolol waɗannan makarɓan yake toshewa.

Asetilkolin kuwa rage saurin bugu yake yi. Gwajin da Otto Loewi ya yi da zukatan kwaɗi a birnin Graz na Ostiriya a 1921 ne ya nuna cewa sinadari ke ɗauke da wannan saƙo. Ya samu kyautar Nobel a 1936 tare da Henry Dale.

Ita ma zuciya tana fitar da nata sinadarin. A 1981 a Kanada, Adolfo de Bold ya gano wannan sinadari mai suna ANP, wanda ke sa ƙoda ta zubar da gishiri da ruwa, matsin jini ya sauka.