Tarihin Namun Daji da Gandun Gwamnati a Arewacin Yobe

Arewacin Jihar Yobe, daga Nguru zuwa Gashuwa har Yusufari da ke bakin iyakar Nijar, ƙasa ce iri biyu a haɗe. Ta kudu akwai fadamun da kogin Haɗeja da na Jama'are suke malalewa kafin su haɗu kusa da Gashuwa, su nufi Tafkin Chadi da sunan Komadugu Yobe. Ta arewa kuwa tuddan rairayi ne, a tsakaninsu ga kwaruruka masu ruwa kusa, inda goriba da dabino suke tsira, ake kuma kwasar kanwa. Biyu daga cikin sassa uku na Gandun Dajin Ƙasa na Yankin Tafkin Chadi suna nan: sashen fadamun Bade da Nguru, da sashen kwarurukan Bulatura a ƙaramar hukumar Yusufari. An kafa gandun a 1991, lokacin da manyan namun dajin yankin sun riga sun ƙare. Tarihin kare dabbobi a nan ya ƙunshi yadda aka rasa su, da kuma yadda hukuma da mazauna suke takun saƙa kan abin da ya saura.

Dajin Komadugu kafin zuwan Turawa

A zamanin daular Borno, bakin Komadugu kurmi ne mai duhuwa. Birnin Gazargamu, wanda Mai Ali Gaji ya kafa a ƙarni na 15, yana kusa da Gaidam ta yau. Bayan an ci birnin da yaƙi a 1808, jama'a suka watse, daji ya rufe kufai. Baturen Ingila Dixon Denham, da ya bi rundunar Shehu Muhammad al-Kanemi zuwa ƙasar Manga a 1823, ya ba da labarin giwaye da dorina a wannan yanki. A filayen da ke nesa da kogi akwai barewa da jimina da tuje, ga kura da dila da ke bin garken makiyaya.

Farauta a lokacin sana'a ce mai shugabanci. Maharba suna da sarkinsu, suna da lokacin fita, kuma wani kaso na abin da aka kama yakan isa fadar mai ƙasa. Kwari da baka da tarko da karnuka ba su da ƙarfin ƙarar da daji. Kasuwar waje ce ta fara sauya lissafi. A rabin ƙarshe na ƙarni na 19, hauren giwa da gashin jimina sun zama manyan kayan da ayarin raƙuma ke ɗauka daga Kukawa da Kano da Damagaram zuwa Tarabulus, daga can su wuce Turai. Gashin jiminar wannan shiyya ya yi suna har gwamnatin Afirka ta Kudu ta turo tawaga a 1911 ta nemi irinta domin inganta kiwon da ake yi a can.

Babbar masifa ta zo wajen 1890 da 1891, sa'ad da ciwon bushiya ya ratso daga gabashin Afirka ya shigo ƙasashen Tafkin Chadi. Ya kashe mafi yawan shanun Fulani da Shuwa, ya kuma faɗa wa ɓauna da sauran dabbobi masu rababben kofato. Shanu sun farfaɗo domin suna da masu su. Ɓauna ba ta sake komawa yawanta na da ba a mafi yawan ƙasar Sahel.

Dokokin zamanin mulkin mallaka

A 1900 ƙasashen Turai masu mulkin Afirka suka sa hannu a Landan kan wata yarjejeniya ta kare namun daji. Ko da yake ba ta fara aiki a hukumance ba, ita ce ta zama madubin dokokin da suka biyo baya. Ta raba dabbobi gida-gida: waɗanda za a kare, kamar raƙumin dawa da ungulu, da waɗanda ake son rage yawansu, ciki har da zaki da damisa da kura da kyarkeci da kada. Ke nan tun farko doka ta ɗauki masu cin nama a matsayin maɓarnata. Najeriya ta sami dokarta ta kare namun daji a 1916, Jihar Arewa kuma ta yi tata a 1963. Dokokin sun kawo lasisin farauta da haramcin wasu dabbobi, amma malaman daji kaɗan ne, ƙasa kuma da faɗi. A hayin Faransa ma'aikatar dabbobi ta daɗe tana baza guba domin kashe kura da dila, kuma al'adar sa guba a mushe ta bazu tsakanin makiyaya a ɓangarorin iyaka biyu. Gubar ba ta zaɓe, tana haɗawa har da ungulu.

Layin dogo daga Kano ya isa Nguru a 1930, garin ya zama matattarar gyaɗa da fatu da ƙiraga da ƙaro da busasshen nama da kifi, ana lodawa zuwa kudu. Gonaki suka yalwatu, baƙi suka shigo, bindiga da mota suka sauƙaƙa farauta. A cikin waɗannan shekaru ne kuma aka fara muhawarar kwararowar hamada. Wani masanin daji ɗan Birtaniya, E. P. Stebbing, ya yi gargaɗi a 1935 cewa Sahara tana matsowa kudu. Hukumar haɗin gwiwa ta Ingila da Faransa da ta zaga bakin iyaka a 1936 zuwa 1937 ba ta goyi bayan tsoron nasa ba, amma ta jawo hankali ga saran itatuwa da share daji. Keɓe wasu dazuzzuka da sunan gandun hukuma, irin na Gogaram da Zurgum Baderi a ƙasar Bade, ya samo asali daga wannan tunani na tsare itace da ƙasa.

Fari da madatsun ruwa

Abin da ya fi harsashi illa ga namun dajin yankin shi ne raguwar ruwa. Farin 1972 zuwa 1974 da na 1983 zuwa 1985 sun ƙone ciyawa, sun kashe itatuwa, sun tayar da tuddan rairayi a Yusufari da Machina da Yunusari har suka riƙa binne gonaki da rijiyoyi. Makiyaya daga Nijar suka gangaro kudu neman kiwo, bushiya kuma ta sake ɓarkewa a 1983.

A daidai wannan lokaci aka datse kogunan daga sama. An kammala madatsar Tiga a Jihar Kano a 1974, ta Challawa kuma a 1992, domin noman rani da ruwan sha na birnin Kano. Ambaliyar da a ƙarshen shekarun 1960 take rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama ta koma ƙasa da 1,000 a shekaru da dama na 1980 da 1990. Yanayin zuwan ruwan ma ya sauya. A da yakan cika da damina ya janye da rani, ya bar ciyawar burgu ga shanu da danshi ga mai shuka wake. Da aka koma sakin ruwa kaɗan-kaɗan duk shekara, ciyawar kacala ta sami wurin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa a gefen mashigin Marma da tafkin Nguru, ta hana ruwa isa wasu sassan gabas, ta kuma zama sheƙar tsuntsayen jan baki masu cinye gero da dawa. Wani nazari da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama yana samar da amfani, ta fuskar noma da su da itace, fiye da wanda aka karkatar zuwa aikin noman rani na kogin Kano.

Zuwan gandun ƙasa

Tsuntsaye ne suka jawo hankalin duniya ga yankin. Kowace hunturu agwagin ruwa da wasu ƙananan tsuntsaye suna ƙetaro Sahara daga Turai da Asiya su sauka a waɗannan fadamu, su tarar da dinya da ƙirinjijiya da kwasakwasa na gida. A 1987 aka fara Shirin Kare Fadamun Haɗeja da Nguru, mai hedikwata a Nguru, da hannun ƙungiyar kare halittu ta duniya IUCN da Gidauniyar Kare Muhalli ta Najeriya da ƙungiyoyin kare tsuntsaye na Birtaniya. Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci matsugunin tsuntsaye na Dagona a 1989 yana shugaban asusun kare namun daji na duniya WWF.

Doka mai lamba 36 ta 1991 ta kafa Gandun Yankin Tafkin Chadi, a shekarar da aka cire Yobe daga Borno. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 2,258: Chingurmi-Duguma a Borno, kusa da gandun Waza na Kamaru, yana da 1,228, Bade da Nguru 938, Bulatura 92. A 2000 tafkin Nguru da mashigin Marma suka zama wuri na farko a Najeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar, Dagona da fadamun Baturiya na Jigawa suka biyo baya a 2008.

Tushen saɓani

Dokar gandun ƙasa ta hana kiwo da noma da su da farauta da saran itace a cikin gandu ba tare da izini ba. Amma filayen da aka shata ba kango ba ne. Badawa suna su da noma a fadamun Gogaram tun kafin zuwan Turawa. Mangawa suna dafa gishiri da kwasar kanwa da yankan kaba a kwaruruka. Fulani da sauran makiyaya suna saukowa da rani, domin nan ne kore na ƙarshe. Kowane rukuni yana da lokacinsa, bulama da lawani da sarkin ruwa su ne masu tsara shiga da fita. Iyakar gandu kuwa ba ta san damina ko rani ba.

Saɓanin ya ƙara tsanani da yake noman rani da injin ban ruwa ya mamaye fadamun waje tun daga shekarun 1980, burtali da mashaya suka ƙuntata, dokar keɓe makiyaya ta 1965 kuma ba ta samar da isassun filaye ba. Makiyayin da gonaki suka tare wa hanya yakan ga gandu ne kaɗai buɗaɗɗen wuri. Idan jami'ai suka kama shanu aka ci tara, yakan ɗauka an fifita tsuntsu a kan mutum. Manomin da jan baki ya cinye wa gona, ko makiyayin da dila ya ɗauke wa ɗan akuya, ba shi da wata hanyar diyya da ya saba gani. Ƙorafin ƙauyuka shi ne na karin maganar nan, kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi: su ne ke ɗaukar asara, amfanin gandun kuma bai cika isowa gare su ba. Masu yawon buɗe ido da aka yi fata ba su zo da yawa ba, rikicin Boko Haram daga 2009 ya ƙara korar su, ya kuma hana aiki sosai a sashen Borno.

Misalai daga wasu wurare

Irin wannan ja-in-ja ta shahara a gandun Yellowstone na Amurka. An ƙarar da kyarkecin ƙasashen sanyi a can zuwa 1926, aka dawo da guda 31 daga Kanada a 1995 da 1996, masu kiwon shanu suna adawa. Ɓaunar Amurka, wadda ta ragu zuwa ashirin da 'yan kai a gandun a farkon ƙarni na 20, ta koma dubbai, kuma Jihar Montana tana tsoron ta sa wa shanu ciwon bakkale mai jawo ɓari. A can dabbobin ne ke fita daga gandu zuwa gonakin mutane, kuma akwai tsarin biyan diyya. A Yobe mutane ne ke shiga gandu, domin ruwa da ciyawa sun ƙare a waje. 

Misalin da ya fi kusa yana Nijar. Raƙuman dawa na Kure, gabas da Yamai, sun ragu zuwa 49 a 1996. Suna zaune cikin gonaki ba shinge, amma da aka haɗa tsaro da rijiyoyi da ƙananan bashi da aikin rakiyar baƙi ga mazauna, suka haura 600, har aka kai takwas gandun Gadabeji na Jihar Maraɗi a 2018.

Halin da ake ciki

A yau ba a samun zaki a Najeriya sai a Yankari da Kainji, ɓauna ta koma gandayen da ke kudu da Sahel, gauraka kuma, tsuntsun da ake kira alamar ƙasa, ya yi ƙaranci ƙwarai. Abin da ya rage a arewacin Yobe shi ne tsuntsayen ruwa da dila da guza da ƙananan dabbobi, sai ragowar kura da barewa. Jihohi shida da ke kan wannan kogi, Kano da Jigawa da Bauchi da Filato da Yobe da Borno, sun kafa asusun kula da ruwansa a 2006. Yobe tana cikin jihohi 11 na shirin dashen itatuwa na Babbar Koriyar Ganuwa, kuma a 2020 gwamnatin tarayya ta amince da mayar da fadamun Baturiya na Jigawa gandun ƙasa. Ɗorewar abin da ya saura ta rataya ne kan abubuwa uku: yawan ruwan da ake saki daga Tiga da Challawa da lokacin sakinsa, buɗe burtali da mashaya a wajen gandu, da ba sarakunan Bade da Nguru da Yusufari da shugabannin makiyaya da masunta gurbi wajen tsara amfani da filayen.