Daga Wuri zuwa Dala: Tarihin Kalmomin Kuɗi a Ƙasar Ƙonni da Koyar da Su ga Yara

Yaron da uwarsa ta aika kasuwar Birnin Ƙonni da ƙwandala mai ɗauke da lambar 100 ya san cewa dala ashirin ke hannunsa, kuma haka mai tebur zai kira ta. Amma ran da aka sa shi lakkol, malami zai nuna masa wannan lamba ya ce ɗari ce. Uwa da malami duk gaskiya suka faɗa, sai dai kowannensu da zamanin da ya gāji lissafinsa. Manufar wannan maƙala ita ce bin sawun waɗannan kalmomi a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela na jihar Tawa, domin masu tsara littattafan yara da na yaƙi da jahilci su san abin da suke gini a kansa.

Kalmar kuɗi, wadda mutanen wannan yanki ke furtawa kuɗɗi, jam'in wuri ce tun asali. Daga tekun Indiya ake kawo wuri, musamman tsibiran Maldib, kuma shi ne abin ciniki a daular Sakkwato cikin ƙarni na 19. Ƙidayarsa na da nata kalmomi: zangu ɗari ne, zambar dubu, keso kuwa dubu ashirin. Heinrich Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya tarar ana canza dala guda ta azurfa a kan wuri 2,500. Wannan dala ita ce ta Mariya Tereza, sarauniyar Ostiriya, wadda aka ci gaba da bugawa da shekarar 1780 a jikinta, fatake suna ƙetaro da ita ta hamada. Daga baya wurin gaɓar Afirka ta Gabas ya kwararo ta Ikko, darajar wuri ta faɗi, har ɗaukarsa zuwa nesa ya zama asara.

Zuwan Turawa ƙasar Ƙonni bai zo da daɗi ba. A watan Mayu na 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta afka wa birnin, ta kashe jama'a masu yawa. Yarjejeniyar 1898 ta bar ƙasar cikin rabon Ingila, sai ta 1904 da ta 1906 suka gyara iyaka, Ƙonni ta koma hannun Faransa. Da aka tilasta biyan haraji da kuɗin Nasara, sai mutane suka ga azurfar faran biyar ta yi kama da tsohuwar dala a girma da nauyi, suka ba ta sunanta; faran guda kuma aka kira shi tamma. Tun daga nan ƙidayar kuɗi ta tsaya a kan biyar-biyar, kuma ƙirƙiro sefa a watan Disamba na 1945 bai motsa ta ba. Ba Hausawa kaɗai ke wannan ba: Zabarmawa ma dala suke cewa, Bambara na da dorome, Wolof na da derem, dukansu tamma biyar ne.

A nan ne wahalar mai koyarwa take. Tamma 25 dala biyar ce, 50 dala goma, 250 dala hamsin, 500 dala ɗari. A bakin ƴan kasuwa kuwa kalmar dala kan faɗi, a ce hamsin kawai, kowa ya gane. In an kai tamma 1,000, wato dala metan, sai lissafi ya sake ƙafa, a ce jikka guda, sunan da ya fito daga jakar da ake zuba kuɗin ƙarfe. Jikka biyar ta yi daidai da lambar da ke kan takardar 5,000, amma jikka da hamsin tamma 1,250 ce, ba 1,050 ba. Yaro mai shekara bakwai da ke tallar ƙosai yana warware wannan da ka ba tare da kuskure ba, sa'an nan ya faɗi a aji in aka rubuta masa shi a allo. Wanda ya ce yaron bai iya lissafi ba ya yi masa rashin adalci. Abin da ba a nuna masa ba shi ne gadar da ke tsakanin ƙidayar biyu, wato ninkawa da biyar da rabawa da biyar.

Ƙonni na da wani ƙarin nauyi da garuruwan cikin ƙasa ba su da shi, domin kilomita kaɗan ne tsakaninta da Illela ta jihar Sakkwato (wadda bai kamata a rikita ta da Illelar Tawa ba). Kuɗin Ingilishi sun shigo da nasu sunaye, su fam da sule da sisi da taro da ahu da kwabo. Abin mamaki, a can dala sule biyu ce, jaka kuma fam ɗari. Ran 1 ga Janairu 1973 naira ta maye gurbin fam, fam guda ya zama naira biyu, sule ya zama kwabo goma. Duk da haka tsofaffi sun daɗe suna ƙidaya da fam. Canjin takardun naira da rufe iyaka a 1984, da karya darajar sefa da rabi a Janairun 1994, sun koya wa yaran iyaka cewa canji na da ma'ana biyu: ragowar da mai shago ke mayarwa, da kuma farashin da ƴan canji ke yankewa kowace safiya.

Kalmomin ciniki su ma suna buƙatar bayani, ko da yake ba su rikitar da lamba. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce albarka, wanda a wannan wuri ƙi ne cikin ladabi. In ya yarda ya ce ya sallama. Gyara ita ce ɗan ƙarin da ake yi wa mai saye bayan awo, la'ada kuwa rabon dillali. Hatsi da tiya ake aunawa, albasar Galmi da buhu, ma'aikacin kamfanin siminti na Malbaza kuma albashinsa a rubuce yake da tamma, amma da dala matarsa ke cefane.

Makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida sun soma a Damagaram a 1973, aka kafa cibiyar INDRAP a 1974 don tsara littattafai da horar da malamai, kuma a 2025 kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa harshen ƙasa. Duk littafin lissafi da za a rubuta da Hausa a Nijar sai ya yanke hukunci a kan yadda za a karanta lambar da ke jikin kuɗi. Fassara darasin Faransanci kai tsaye, a ce kuɗin alawa ɗari ne alhali yaro ya san ashirin ne, yana sa shi zargin littafin ko zargin kansa. Abin da ya fi dacewa shi ne a soma da ƙwandaloli na gaske a hannu, a kira kowace da sunanta na kasuwa, sa'an nan a juya ta a karanta lambar, a ambaci tamma ko dala a fili kowane lokaci. Jadawalin ninkin biyar ya kamata ya riga sauran zuwa, tun da shi yaro ya taho da rabinsa daga gida. Sule da sisi da taro kuwa a bar su ga darasin tarihi da karin magana, inda har yanzu ake cewa mutum ba shi da ko sisin kwabo.