Sanda biyu da ɓaunar Amurka

A wannan makon za mu leƙa tarihin wani ɗan abu da maharbi kan haɗa wa kansa, wato sandar da yake ɗora bakin bindiga a kai don kada hannu ya yi masa rawa.

Bindigar farko kaya ce mai nauyi. Wadda sojojin Sifaniya suka shiga ƙasar Holan da ita a 1567 ba ta saituwa sai an kafa mata gwafa a ƙasa. Da maƙera suka rage mata nauyi a ƙarni na 17, sai sojojin Turai suka yar da gwafar. Inda muka sake cin karo da ita har ta bar tabo shi ne filayen ciyawa na tsakiyar Amurka.

A farkon ƙarni na 19 ana ƙiyasin akwai ɓaunar Amurka wajen miliyan 30. Ba irin tamu ba ce, wannan tana da tozo da gashi buzu-buzu. Wajen 1871 majema suka gano yadda za su jeme ƙirginta ya yi ƙwarin da har za a yi bel na juya injinan masana'antu da shi. A 1872 jirgin ƙasa ya isa Dodge City a jihar Kansas, aka samu hanyar kai ƙiraga kasuwa. Maharba suka yi ca a daji.

Bindigar da suka fi so, Sharps, takan wuce kilo 5, ba mai iya riƙe ta a iska wuni guda. Sai maharbi ya sari sanda biyu, ya ɗaure su da tsirkiyar fata kusa da kai, ya ware ƙafafun kamar almakashi. In yana son bakin bindiga ya sauka sai ya ƙara ware su, in ya matse su ya hau. Shi ke nan na'urar.

Abin da ya ba mu tsoro shi ne yadda ake aikin. Babu sukuwa, babu kora. Mutum zai lallaɓa ta inda iska ba za ta kai ƙanshinsa ba, ya zauna nesa da garke kamar mita 200, ya fara harbe jagorar. Sauran sai su tsaya cirko-cirko suna shinshina ta. Wadda ta yi alamar za ta ja su tafi, ita ce ta gaba. A haka mutum ɗaya kan kashe gommai bai tashi daga mazauninsa ba, in ƙarfen ya yi zafi ya zuba masa ruwa. Masu fiɗa su kwashe fata, nama a bar wa kyarkeci da ungulu.

Ga 'yan asalin ƙasar kuwa, irin su Komanci da Kiyowa da Lakota, ɓauna ita ce abinci da sutura da tanti. A 1874 Quanah Parker ya jagoranci mayaƙa suka far wa sansanin maharba a Adobe Walls ta Texas, amma bindigogi masu cin dogon zango suka mayar da su baya.

Garkunan kudu sun ƙare kafin 1880, na arewa wajen 1883. Da William Hornaday ya fitar da ƙididdigarsa a 1889, waɗanda suka rage ba su fi dubu ɗaya da 'yan kai ba, har da na gidajen kiwo.