Tarihin Horon Kare

Kare shi ne dabbar farko da ɗan Adam ya ajiye a gida. Ya riga akuya, ya riga tunkiya da saniya. Masana sun ce asalinsa kyarkecin ƙasashen sanyi ne. A shekarar 1914 aka tono wani kabari kusa da birnin Bon, a ƙasar Jamus. Aka iske ƙasusuwan namiji da mace da kare, an binne su wuri guda. Kabarin nan ya kai shekara 14,000. Kun ga zaman mutum da kare ya daɗe ƙwarai.

Yaya mutanen dā suka hori karnukansu? Duwatsu sun ba mu labari. A Shuwaimis, cikin ƙasar Saudiyya, akwai zane jikin dutse wanda ya kai shekara 8,000. An zana maharbi da bakansa, karnuka suna kewaye da shi, waɗansunsu da igiya ɗaure a ƙugunsa. A Masar kuma, wani sarki mai suna Intef na biyu ya sa an zana karnukansa a dutsen kabarinsa, kowane da sunansa. Ɗaya daga cikinsu sunansa Baƙi. Wannan ya fi shekara 4,000. Ashe igiya da suna su ne kayan horo na farko.

A ƙasar Girka, wajen shekara 400 kafin haihuwar Annabi Isa, wani mutum mai suna Zenofon ya rubuta littafi a kan farauta. Ya ce a ba kare gajeren suna, don ya yi sauƙin kira. Bayansa da shekara kamar 500, wani mai suna Ariyan ya ce idan kare ya yi aiki mai kyau, a shafa kansa, a kira sunansa, a yabe shi.

Musulunci ma ya san horarren kare. Aya ta 4 cikin Suratul Ma'ida ta halatta cin abin da ya kamo, idan an ambaci sunan Allah. Malamai suka bayyana alamun horarre: idan an tura shi ya tafi, idan an hana shi ya tsaya. Da yawa cikinsu suka ƙara da cewa ba ya cin abin da ya kamo wa mai shi.

Mu ma a Nijar muna da namu rabo. Arewacin Tawa, cikin Azawak, Buzaye da Fulani suna da wani kare siriri mai dogayen ƙafafu. Yana kamun zomo da barewa, yana tsaron tanti da garke. Tun yana ɗan kwikwiyo yake tashi cikin yara da dabbobi, shi ya sa ya san na gida, ya san baƙo. Wajen 1970 Turawa suka fara kai shi ƙasashensu, kuma har yau da sunan Azawak suke kiransa.

A shekarar 1910 wani ɗan sandan Jamus, Konrad Most, ya fitar da littafin horon karnuka. Hanyarsa ta haɗa tilas da lada, amma tilas ɗin aka fi ɗauka: fizgar igiya da tsawa. Sojojin ƙasashe suka bi hanyar nan a yaƙin duniya na ɗaya da na biyu. Da aka gama yaƙi, masu horo suka kawo ta cikin gidaje.

Masu bincike kuwa suka gano wani abu. Wani likitan Rasha, Fablof, ya lura idan ana yin wata ƙara kafin a ba kare abinci, a kwana a tashi ƙarar kaɗai tana sa miyaunsa zuba. A 1951 wani malami na Amurka, Sikina, ya nuna yadda ake koya wa kare abu da ɗan abinci, muddin ladan ya zo nan take. A 1965 waɗansu malamai biyu, Sikot da Fula, suka nuna cewa daga sati 3 zuwa sati 12 ne kwikwiyo yake sabawa da mutane. Wanda bai saba a lokacin ba, yakan tashi da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo.

To, me tarihin nan ya koya mana? Kare yana haɗa abu biyu ne idan sun zo a jere. Idan ya kama kaza da hantsi, ka dawo daga gona da la'asar ka doke shi, bai san laifinsa ba. Abin da ya koya shi ne tsoron dawowarka. Gara ka riƙe shi da igiya kusa da kaji tun yana ƙarami. Ya kai musu hari, ka ce "bari". Ya kwanta, ka jefa masa loma nan da nan. Idan ka kira shi ya zo, kada ka doke shi, ko da ya yi ɓarna, in ba haka ba gobe ba zai zo ba. Kare mai yunwa kuma ɓarawo ne, a ba shi abinci da ruwa kullum. A hana yara jan wutsiyarsa, da taɓa shi yana ci.

Saura abu guda wanda horo ba ya magani: haukan kare. A 1885 wani masani na Faransa, Fastor, ya ceci yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, da allurar da ya ƙirƙiro. Ku kai karnukanku wurin ma'aikatan kiwo a yi musu rigakafi. Wanda kare ya ciza, a wanke ciwon da ruwa da sabulu har minti 15, a kai shi likita ran nan. Idan aka jira har alamun cutar suka fito, da wuya mutum ya tashi.

Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, amin.