Uigurawa: Daga Zangon Fatake Zuwa Sansanin Tsarewa

Jama'a, Uigurawa Musulmi ne mazauna Shinjang, a arewa maso yammacin Sin. Birninsu Kashgar tsohon zango ne na ayarin siliki. Sarakunan Sin suka ci yankin a 1759, 'yan gurguzu suka karɓe shi a 1949. Daga 2017 aka yi ta kwasar su zuwa sansanoni ba tare da shari'a ba, an ƙiyasta sun kai miliyan guda. Har tsawon gemu kan jawo kamu! Gwamnati ta ce makarantun koyon sana'a ne. Amma a 2022 ofishin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce mai yiwuwa an aikata laifin cin zarafin bil'adama. Allah Ya kawo musu sauƙi, amin.