Bioko: Tsibirin Da 'Yan Najeriya Suka Fara Sani Ta Hanyar Ƙwadago

Manomin Kadawa, tsakanin Kura da Bunkure, da ruwan madatsar Tiga yake noman rani, domin ruwan saman da ke sauka a Kano a shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba. A kudancin tsibirin Bioko kuwa, a ƙauyen Ureka, ana samun ninki goma na wannan. Bioko yanki ne na ƙasar Ikwatoriyal Gini, kimanin kilomita 32 daga gaɓar Kamaru, kuma aman wutar duwatsu ne ya fito da shi daga teku. Dutsensa mafi tsawo, Pico Basilé, ya haura mita 3,000. Wanda ke neman wurin hutawa kusa da gida zai iya sa shi a lissafi, sai dai tarihin zuwan 'yan Najeriya can tarihin wahala ne.

Kabilar Bubi ce ta fara zama a tsibirin. Wajen 1472 wani matuƙin jirgin ruwa ɗan Fotugal, Fernão do Pó, ya iso, daga nan Turawa suka riƙa kiran wurin Fernando Po. A 1778 Fotugal ta miƙa shi ga Sifen. A 1827 Ingila ta kafa sansani a inda birnin Malabo yake yanzu, don tare jiragen fataucin bayi.

A wannan zamanin tsibirin ya zama zangon Turawa masu neman hanyar shiga ƙasar Hausa ta ruwa. Richard Lander, yaron Clapperton wanda ya binne maigidansa kusa da Sakkwato a 1827, zamanin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, a Fernando Po ya mutu a 1834, bayan an harbe shi a kogin Kwara. Daga can kuma William Baikie ya taso a 1854 ya hau Binuwai, yana shayar da mutanensa kwinin, aka dawo ba a rasa ko mutum ɗaya ba. Shi ne ya zauna a Lakwaja, ya koyi Hausa, har ya kai Kano a 1862.

Abin da ya fi ɗaure tsibirin da Najeriya shi ne koko. Ƙasar da aman wuta ya bari tana da albarka, amma gonakin Sifaniyawa ba su da isassun hannaye. Sai aka koma ɗibar leburori daga kudu maso gabashin Najeriya, galibi ta Kalaba, wasu cikin kwalekwale a ɓoye. A 1942 Ingila da Sifen suka ƙulla yarjejeniyar ƙwadago, dubban mutane suka tafi wurin da suke kira Panya. Ƙorafin duka da ƙarancin albashi bai yanke ba. Fatake Hausawa su ma sun bi sawu, kamar yadda suka saba bin kowace kasuwa, suka zauna a birnin suna ciniki.

Bayan samun 'yancin kai a 1968, mulkin Macías Nguema ya tsananta, leburori suka rasa albashi da tsaro. Tsakanin ƙarshen 1975 da farkon 1976, gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta aika jiragen ruwa da na sama ta kwaso dubbansu. Noman koko ya durƙushe, bai sake komawa yadda yake ba. A yau man fetur ne ke riƙe da ƙasar.

Mai shirin zuwa hutu zai fi jin daɗi tsakanin Disamba da Fabrairu, lokacin da ruwa ke lafawa, daidai da sa'ad da tumatir ke nuna a Kadawa. A watannin nan kunkurun teku ke fitowa yin ƙwai a yashin kudu, tuddan Moka kuma suna da sanyi. Harshen hukuma Sifaniyanci ne, amma a kasuwar Malabo zai ji Pichi, wani irin Turancin buroka mai kama da na Najeriya. A hanyar Luba kuwa zai wuce tsofaffin gonakin koko, waɗanda daji ya riga ya cinye da yawa daga cikinsu.